Tayi na Uku

Malam Nababa ya riƙe ƙwaryar shugabancin kwalejinmu har ƙwaryar ta saba da hannunsa. Ranar da aka ba shi, cewa aka yi ya ɗan riƙe kafin damina ta wuce, shugaba na gaske yana nan tafe. Yaran da aka haifa a waccan daminar har sun isa aike, shugaba na gaske bai iso ba. Albashinsa na mataimaki ne, in ma an biya. Ofis kuwa ko labule bai canja ba, wai kada mai wurin ya zo ya tarar an taɓa masa kaya. A cikin gari sunansa ma ya ɓace, yaro da babba Mai Riƙo suke ce masa, shi kuma ya amsa yana murmushi.

Kwalejin Koyon Aikin Gona ta Tudun Shago nake ba ku labari. In ka wuce Dawanau ka yi arewa, ka sauka daga kwalta, za ka yi ta ratsa gonaki, wannan na manne da wannan, ba inda za ka tofar da yawu bai sauka a gonar wani ba. A nan gwamnati ta ga ya dace ta karɓe gonakin mutane ta gina mana kwaleji, lokacin da kuɗin mai ke zuba. Aka haƙa harsashin gine-gine iya ganinka, sai kuɗin suka ɗauke. Abin da muka gada shi ne ajujuwa, da ɗakin taro, da masallaci, da tarakta guda wadda kaji suka mayar wurin saka ƙwai. Ni sunana Dabo, ilimin ƙasar noma nake koyarwa, kuma tun ana yi mini kallon mai baƙar magana har aka gaji aka ƙyale ni.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Malami da digirinsa ya wuni a layin sabulu da madara, ya dawo da gwangwani ɗaya yana godiya. Albashi ya zama baƙo, sai ka manta kamanninsa sannan ya leƙo. Wasu suka gudu birni, wasu suka mayar da baburansu na haya. A wannan halin ne Malam Nababa ya yi abin da ba a rubuta a littafin kowane shugaba ba. Ya ɗauki igiya ya raba filin kwaleji, malami ya samu, lebura ya samu, mai gadi ya samu, mutanen garin da aka karɓe wa gonaki su ma aka ba su aro. Ya shirya da masu jakuna suka riƙa kawo mana taki mangala-mangala. Ya dawo da gayya, yau a gonar wannan, jibi a ta wancan, shi ne a gaba da fartanyarsa, wando a naɗe. Ɗalibai suka fara ganin gero a ƙasa, ba a kan allo ba. Gero da dawa da wake suka zo har gindin bangon ofis. Ba mu yi ƙiba ba, amma mun ci tuwo, kuma kwalejin ba ta rufe ba.

Ita kuwa ma'aikatar da ke sama da mu, da ba ta da kuɗin alli, ba ta taɓa rasa kuɗin bita ba. Bitar horar da shugabannin manyan makarantu, yau a Kaduna, gobe a Ikko. Gayyata takan zo da sunan shugaban kwaleji. Malam Nababa sai ya kawo maganar gaban taron malamai, mu ce ai kai za ka je, Malam, ya ce a'a, shi wa, ga aiki. Kafin wani ya buɗe baki ya sake yi masa tayi, wani malaminmu, Dakta Basiru, ya riga ya ɗaga hannu, ya ce don kada kujerar kwaleji ta zauna ba kowa, shi zai sadaukar da kansa. Haka bawan Allahn nan ya yi ta sadaukar da kansa a otal-otal. Yakan dawo da sabuwar jaka, da takardar shaida, da wasu kalmomin da zai yi wata yana jifanmu da su. Bangon ofishinsa ya cika da takardun shaida har ba ka ganin fenti. Gona kuwa bai taɓa taka ta ba, ya ce cibiyar ilimi ce wannan ba ƙauye ba, kuma ranar da ya samu iko ciyawar ado da furanni zai shuka. Amma in kaka ta yi aka kai masa damin gero na zumunci, ba a taɓa jin ya mayar ba.

Sai na tsaya na yi muku bayanin wannan a'a ta Malam Nababa, don a kanta komai ya rataya. A wajenmu ɗan mutunci ba ya karɓar girma a tayin farko. Ko limanci ne, ko waliccin aure, ko shugabancin gayya, in an ce maka bismillah, sai ka ce ina, ba ka isa ba. A sake yi maka tayi, ka nuna wani ka ce ga wanda ya fi ka. Shi ma wanda ka nuna ya san rawar, zai noƙe. A na uku ne za ka sunkuyar da kai ka ce to, tunda kun matsa. Kowa ya san za ka karɓa, kai ma ka sani, amma sai an bi ta nan. Wanda ya cafke a tayin farko, har ya mutu ana nuna 'ya'yansa. Mahaifin Malam Nababa shi ne limamin Tudun Shago, kuma an ce har ya koma ga Allah ba a taɓa ta da salla ya wuce gaba ba sai an ɗan tura shi. A wannan gidan aka raini mutumin da muke so ya je ya yi tallan kansa.

Kada kuma ku ɗauka ba ya so. Yana so, so mai tsanani, ni shaida ne. Gonar ubansa tana ƙarƙashin ɗakin taronmu. Mahaifiyarsa Inna Hure, tsohuwa tukuf, ido ya tafi amma baki na nan, duk ranar da ya je gaishe ta sai ta tambaye shi, har yanzu ba su ba ka ba? Ya ce saura kaɗan, Inna. Ta ce to Allah ya sa ta gani, ko da yake gani ya wuce ta, ta dai ji. Telan da ke ɗinka mana kaya shi ya tsegunta mini cewa Malam ya ɗinka babbar riga, shuɗiya, mai aiki har ciki, ya biya da buhun wake, ya kai gida ya ajiye a adaka bai taɓa sawa ba. Mutumin da takalminsa ya sha faci har ba a san asalin fatar ba, ba zai ɗinka irin wannan rigar don zuwa suna ba.

Ana tsakiyar damina labari ya zo cewa ma'aikata ta tuna da mu. Za a turo kwamiti ya yi intabiyu, a naɗa shugaba na dindindin. Dakta Basiru ya kai takardunsa da kansa, sai da aka nemo masa kwali. Malam Nababa kuwa ya ce shi bai ga dalilin da mutum zai rubuta da hannunsa cewa a ba shi girma ba. Malama Susanna ce ta cike masa komai ta kai masa ya sa hannu, shi ma sai da ta koma sau uku.

Malama Susanna ita ce magatakardar kwaleji, 'yar ƙasar Kano ce ta wajen Rimin Gado, Kirista, kuma ta fi mu duka sanin wannan al'ada, don a gidansu ma haka ake yi. Sai dai ita ta yi aiki a hedikwata, ta ga yadda ake rabon kujeru. Ta kira ni ofishinta ta ce mu taru mu gyara mutumin nan tun kafin ya kashe mu. Muka zaunar da shi bayan la'asar, ta zama shugabar kwamiti, ni na zama ɗan kallo. Ta ce abu ɗaya take so ya faɗa: ni ne na fi cancanta. Kalma biyar, ko ɗan firamare zai iya. Malam Nababa ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce ni ne, sai ya tsaya ya yi istigfari. Aka sake. Ya ce ni ne, in Allah ya so, ɗaya daga cikin waɗanda ake kyautata wa zato. Susanna ta dafe kai.

"Malam, mutanen nan sau ɗaya suke tambaya," in ji ta. "Abin da ka faɗa shi za su rubuta."

"Haba, Malama. Wanda yake son ka da abu ai zai maimaita."

"Ba son ka suka zo yi ba, aiki suka zo yi. Jin kunyar mara kunya asara ce, Malam."

Ya yi dariya ya ce ai su ma 'ya'yan mutane ne, ba daga sama suka faɗo ba. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi, ga shi kuma ba mutumin da nake ƙauna a kwalejin nan kamarsa.

Da muka ga ba ci, sai muka sake dabara, irin dabarar masu ilimi. Kwamitin mutum uku ne, kuma ɗaya daga ciki namu ne: Alhaji Mati, dillalin hatsi a Dawanau, wanda ke wakiltar jama'ar yanki a hukumar kwaleji. Na hau keke na same shi a rumfarsa, yana zaune a kan buhun dawa. Da na gama bayani ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce wannan ai Allah ne ya tsara, mutum uku, tayi uku. Shugaban kwamiti zai yi na farko, shi zai yi na biyu, na ukun ya cike, Malam ya ce to, a shafa fatiha. Na dawo ina fito a kan keke. Ni da Alhaji da Susanna, da duk wayonmu, ba wanda ya tuna ya tambaya wane ne wannan na ukun.

Ranar intabiyu ta faɗo cikin marka, gero ya fi mutum tsayi, ya fara fitar da kai. Tagogin ɗakin taronmu kuwa rabonsu da gilashi tun ina saurayi, saboda haka sirri a kwalejinmu sai wanda mutum ya bari a cikinsa. Gonar da ke gindin tagar ta mai gadi ce, kuma an gama nome ta tas tun makon da ya wuce. Amma a safiyar nan sai ga malamai da leburori kowa da fartanya, wai an zo taya mai gadi cire ciyawa. Muka duƙa a cikin geron muka yi tsit. Akuya ma da ta biyo mu sai da aka kama mata baki.

Shugaban kwamitin wani darakta ne daga ma'aikata, matashi, mai agogo a hannu da wani a zuci. Tun da ya sauka yake duban sama, don direbansa ya gaya masa in aka yi ruwa hanyarmu ba ta biyuwa, kuma man da ke motar na komawa ne kawai. Na ukun wani farfesa ne na ilimin gudanarwa, ƙato, mai sanƙo, wanda aka ce shi ke koyarwa a bitocin nan. Da shigarsa ya ja kwanon dafaffiyar gyaɗar da aka ajiye wa baƙi ya sa a gabansa. Susanna na gefe da biro, ita ce mai rubuta abin da aka ce, ba ta da izinin magana.

Dakta Basiru aka fara kira. Jama'a, na sha jin wa'azi, na sha jin 'yan siyasa, ban taɓa jin mutum ya yabi kansa da irin wannan natsuwar ba. Darakta ya tambaye shi ko yana ganin shi ya fi cancanta, ya ce ba gani yake ba, sani ya yi. Ya jero siffofin shugaba na gari kamar mai karanta fatiha, kowace siffa kuma in ya duba sai ya same ta a jikinsa. Farfesa na gyaɗa kai yana ɓare gyaɗa, don kalmominsa ne ake mayar masa. Sannan Dakta ya nuna taga, ya nuna geron da muke ciki, ya ce wannan tsarin ciyar da kai ne, shi ya kawo tunaninsa daga wata bita, ko da yake yanzu ya gama amfaninsa, lokaci ya yi da za a mayar da kwaleji kwaleji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai gadi da ke kusa da ni ya ɗaga fartanya, na riƙe masa hannu.

Sai aka kira Malam Nababa. Da tsohuwar rigarsa ya shigo, sabuwar tana jiran ranarta. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya yi musu barka da ruwa. Darakta ya dubi agogo, ya ce saboda lokaci kowane ɗan kwamiti tambaya ɗaya zai yi, kamar yadda aka yi wa na farko. Sannan ya yi tasa: Malam, kana ganin kai ne ka fi cancanta da wannan kujera?

Muka ɗauke numfashi a cikin gero. Ni har addu'a nake, Allah ka sa kalma biyar ɗin nan su fito.

"Ranka ya daɗe, ina ni ina wannan? Riƙo aka ba ni, na riƙe iya ƙarfina. Ban isa ba."

Darakta ya ɗaga gira, ya rubuta. To, ba a yi asara ba tukuna, tayi na farko ke nan. Alhaji Mati ya karɓa, ya yi nasa yadda ake yi, da murya mai daɗi. Ya ce Malam, jama'a sun ga aikinka, ƙasa ta shaida, rumbuna sun shaida, muna roƙonka ka karɓi wannan nauyi. Malam Nababa ya sunkuyar da kai, ni da nake leƙe ta tsakanin kara na ga kunnuwansa na rawa don daɗi. Ya ce Alhaji, a bar wa masu shi, ga Dakta Basiru nan, ya fi shi karatu, ya fi shi ganin duniya, bitar da ya je shi ko sunanta bai sani ba. Darakta ya sake rubutawa, wannan karon da sauri, har da jan layi.

Saura na uku. Alhaji Mati ya juya ya dubi farfesa yana murmushi, kamar mai cewa bismillah, cike mana. Malam Nababa ya gyara wuyan riga, ya ja numfashi. Na rantse muku na ga bakinsa ya riga ya shirya, to ɗin tana kan leɓe. Farfesa ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cikinsa, ya sha ruwa, ya ce yana so ɗan takara ya bambanta masa tsakanin shugaba da mai gudanarwa, ya kuma kawo siffofi bakwai na shugaban babbar makaranta a wannan zamani.

"To," in ji Malam Nababa, don ta riga ta fito. Sai ya tsaya.

Ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi rufi. Can ya ce shi dai abin da ya sani, shugaba ya yi haƙuri, kada ya ci kafin mutanensa su ci, kuma in an yi gayya ya riga kowa zuwa. Farfesa ya ce uku ke nan, saura huɗu. Malam ya ce sauran sai dai a tambayi Dakta. Alhaji Mati ya yi wuf ya ce yana da 'yar ƙaramar magana da zai ƙara, darakta ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri, tambaya ɗaya aka ce, adalci shi ne a yi wa kowa daidai. Susanna ta saki biro ya faɗi ƙasa, ta yi tari, ta sake yin tari, ba wanda ya dube ta. Aka yi tsawa daga gabas, darakta ya fara tattara takardu.

Ya ce sun gode, Malam zai iya tafiya. Malam Nababa bai motsa ba. Yana zaune, hannu a kan gwiwa, yana jira, don a saninsa ba a taɓa tsayawa a biyu ba. Darakta ya sake cewa an gama, Malam, za ka iya tafiya. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har da ta Susanna, ita kuwa ta kau da kai tana share ido da bakin mayafi. Sai da darakta ya faɗa a karo na uku, da ɗan ƙarfi, sannan ya miƙe. Abin da suka iya maimaita masa sau uku ke nan a ranar. Ya yi musu addu'ar sauka lafiya, ya sa takalminsa ya fita, mu kuma muka fito daga gero ruwa na dukanmu, ba mai kallon wani.

Sakamako bai zo ba sai da aka fara yankan gero. Aka naɗa Dakta Basiru. Susanna ta ce a cikin rahoton har yabon Malam Nababa aka yi, an ce dattijo ne mai gaskiya, shi da bakinsa ya shaida bai isa ba, ya kuma nuna wanda ya fi shi, saboda haka kwamiti ya bi shawararsa. Kun ji aikin ƙwararru. Sabon shugaba ya jira har aka kai masa damin geronsa na zumunci, sannan ya sanar cewa daga bana an gama noma a harabar kwaleji, za a share a shuka ciyawar ado da zarar an samu kuɗi. Ciyawa dai ta fito da kanta, ba ta jira kuɗi ba.

Nan fa bakuna suka buɗe. Mutanen da suka ci tuwon Malam Nababa shekara da shekaru suka taru a gindin darbejiya suna yanka shi. Ya cuce mu da kawaicinsa. Wane irin mutum ne za a miƙo masa abu ya ce a ba wani? Zamani ya canja, shi yana nan da halin mutanen da. Wanda ya fi kowa zafi Malam Shago ne, mai koyar da kiwo, ya ce shugabanci ba na masu noƙe-noƙe ba ne, namiji in an ce masa bismillah sai ya wuce gaba kawai. Har gaban Malam ya faɗi haka. A 'yan kwanakin nan Malam Nababa ya rame, ya daina zama hira, kuma ya daina bi ta ƙofar gidan Inna Hure, sai ya zagaya ta bayan masallaci.

Ranar miƙa mulki aka yi taro da safe. Sai ga Malam Nababa cikin shuɗiyar rigar nan, sabuwa fil, karin adaka bai ma bar jikinta ba. Ban san me ya sa ya saka ta ba, wataƙila ya ga ba wata ranar da ta rage mata. Ya miƙa makullai, ya miƙa ofis da labulensa yadda ya same shi. Dakta Basiru ya yi jawabi mai tsawo a kan sabon salon shugabanci, ya gode wa wanda ya gada saboda ƙoƙarinsa daidai gwargwadon fahimtarsa. Aka tafa. Aka sha lemo, kwalba ɗaya mutum biyu.

Azahar ta yi muka shiga masallaci. Masallacin kwaleji ba shi da limami na kansa, kullum Malam Nababa ne ke ja, kuma kullum sai an yi rawar nan: a ce bismillah ya ce a'a, a sake ya nuna wani, a na uku ya wuce. Mun saba har ba ma jin ta, kamar kiran salla. Aka ta da iƙama, ladan ya juya ya ce, "Malam Nababa, bismillah."

Malam Nababa ya tattare rigarsa ya wuce gaba.

Ladan ya tsaya da baki buɗe, tayi na biyu na maƙale a maƙogwaronsa. Sahu ya yi shiru, irin shirun da ake yi in babba ya yi abin kunya a gaban yara. Malam bai waiwayo ba, ya ce a daidaita sahu, ya kabbara. Na bi shi salla, amma Allah ya yafe mini, ban san me na karanta ba. Tausayinsa ne ya cika ni, da haushin kaina da na kowa. Mutumin nan ya ɗauki karatun da muka yi ta dura masa, ya zo ya biya shi a inda ba a tambaye shi ba.

Da aka sallame muka fito wurin takalma. Malam Shago ya matso kusa da ni, ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Ka ga mutumin naka? Ko tayi na biyu bai jira ba. Dubi har riga ya ɗinka. Ashe dama haka yake da son girma, yake ta yi mana fuska biyu." Ya yi tsaki, ya zura ƙafa a takalmi. "Allah ne ya rufa mana asiri da ba a ba shi kujerar nan ba."

Mutum biyu ko uku suka ce wallahi kuwa.

Malam Nababa yana bayanmu, a duƙe, yana neman ɗaya ƙafar takalminsa, kuma ya ji. Ya samo ta ya saka, ya naɗe hannun sabuwar rigar a kafaɗa. Wannan karon bai zagaya ta bayan masallaci ba, ya miƙe ya nufi gidan Inna Hure, don har ranar ba a samu wanda ya iya gaya mata ba.